DUNIYA MAKARANTA: Jirage Sun Yi Yawa, Ɗaki Ya Yi Kaɗan

Barkanmu da sake saduwa a wannan fili namu na Duniya Makaranta, inda kowane wata muke leƙa wata al'ada ta mutanen wasu ƙasashe, mu ga abin da za mu tsinta a ciki. A watan jiya mun yi hira a kan masu tara kan sarki. Su waɗannan Allah ya hutar da su, domin kan sarki dubu biyar sai su shige littafi guda, a tura ƙarƙashin matashi a kwanta. A wannan wata kuwa za mu juya ga wasu bayin Allah waɗanda abin sha'awarsu yake cin wuri, wato masu haɗa 'yan ƙananan jiragen ruwa na kwaikwayo. Tambayarmu ita ce, idan mutum ya gama jirgi na goma ko na ashirin, ya duba gabas ya duba yamma, babu inda zai aza shi, yaya yake yi?

Duk wanda ya taɓa shiga ofishin wani kamfanin jiragen ruwa a Tema ko Takoradi, ya ga irin abin da muke nufi. Ɗan jirgi ne a cikin akwatin gilashi, komai nasa daidai da na babban, har da tagogi da igiyoyi da 'yan kwale-kwalen ceto. Waɗannan na ofis gwanaye ne suke yin su a biya su. Amma a Turai da Amurka da Japan akwai dubban mutane da ke yin wannan aiki a gida don sha'awa kawai. Da yawansu dattawa ne da suka yi ritaya, wasu tsofaffin ma'aikatan jirgi, wasu kuwa ko teku ba su taɓa hawa ba. Wani yakan sayi kwali mai ɗauke da gutsattsarin jirgi na roba ko na katako ya harhaɗa. Wani kuma zane kawai zai nema, ya sassaƙa komai da hannunsa tun daga tushe.

YADDA ABIN YAKE CIN WURI

Kowane jirgin kwaikwayo da awonsa. In aka ce awon 1 bisa 350, ana nufin kowane santimita guda a jikin ƙaramin yana madadin santimita 350 a jikin babban. Mu ɗauki Titanic, jirgin nan da ya nutse a 1912, mai tsawon mita 269. A awon 1 bisa 700 zai fito santimita 38, ko kamu guda bai kai ba. A awon 1 bisa 350 zai zama santimita 77. A awon 1 bisa 200 kuwa sai ya kai santimita 135, kamar dai a kwantar da yaro ɗan shekara tara a kan tebur.

Wannan ma mai sauƙi ne, don Titanic tsawo ne da shi kawai. Tsofaffin jiragen dā masu filafilai, wato manyan ƙyallayen nan da iska ke turawa, su ne masu wuyar sha'ani. Akwai Victory, jirgin yaƙin Ingila wanda Nelson ya hau a yaƙin Trafalgar a 1805, wanda har yau yake ajiye a Portsmouth. Masu wannan sha'awa suna son sa ƙwarai. In aka haɗa shi a awon 1 bisa 72, tsawonsa ya kusa mita ɗaya da rabi, tsayinsa kusan mita guda, faɗinsa kuma ya haura rabin mita saboda sandunan da ke gicciye a sama. Aiki ne na shekara biyu, uku, ko fiye.

To, gama shi ba shi ne ƙarshen magana ba. Jirgi mai ɗaruruwan zare ba a goge shi da tsumma. In aka bar shi a sarari ƙura ta hau, gizo-gizo ya yi saƙa, kyanwa ta yi tsalle ta karya sanda, jika ya zo hutu ya kai hannu. Dole sai an yi masa akwatin gilashi, shi kuma akwatin sau da yawa yakan ci kuɗin da ya kai na kwalin jirgin ko ya fi. Da akwati ya hau, abin ya zama kamar ƙaramin kabad. Akwai waɗanda sai bayan an gama akwatin suke gane ba zai bi ta ƙofar ɗakin ba.

Daɗin daɗawa, mai wannan sha'awa ba ya tsayawa. Daɗin abin a wurinsa yana cikin haɗawar ne. Ranar da ya ɗaura zare na ƙarshe, ya zauna ya kalli aikinsa kwana biyu, a na uku hannu ya fara ƙaiƙayi. Galibinsu ma suna da tulin kwalayen da ba su buɗe ba, waɗanda ko sun yi shekara ɗari ba za su gama ba. Jirage suna ƙaruwa ke nan, ɗaki kuwa yana nan yadda magini ya bar shi.

DABARUN CIKIN GIDA

Da farko akan fara da falo. Daga nan a ci ɗakin baƙi, a hau kan kabad, a kafa kantoci a bango, a bi matakalar bene. Ana nan sai uwargida ta ce ita fa gida ta sani, ba tashar jiragen ruwa ba. Mu da muka tashi muka ga ɗakunan iyayenmu mata cike da jeren kwalla da tasoshi tun daga ƙasa har rufi, ba mu da bakin yi wa Bature dariya. Jirgi ɗaya ne ya kwaso mu. Bambancin kawai shi ne kwano yana shiga cikin kwano, a jera goma a gurbin guda. Jirgi kuwa ba ya shiga cikin ɗan'uwansa.

Dabara ta farko ita ce karɓa-karɓa. A fito da biyar su yi wata shida a falo, sannan a mayar da su kwali a fito da wasu biyar. Ta biyu ita ce rage awo. Wanda ya sauko daga 1 bisa 350 zuwa 1 bisa 700 ya rage rabin tsawo da rabin faɗi, saboda haka jirage huɗu za su zauna a filin da guda ɗaya ke ci a dā. A 1971 wasu kamfanoni huɗu na Japan, wato Tamiya da Hasegawa da Aoshima da Fujimi, suka haɗa kai suka fara fitar da jiragen yaƙi a awon 1 bisa 700, waɗanda aka yanke su daidai inda ruwa ke tsayawa a jikin jirgi. Gindinsu a shafe yake, ana aza su a kan kanta sai ka ce a teku suke. Jamusawa kuma tun shekarun 1930 suke da nasu awon na 1 bisa 1250, inda Titanic ɗungurungum bai wuce santimita 22 ba. Sai dai wannan dabara tana da nata cikas. Lokacin da ɗaki yake cika, lokacin ne kuma ido yake raguwa, hannu ya fara rawa. Tsoho yana bukatar babban abu da zai iya gani, ɗakinsa kuma yana bukatar ƙarami.

Wasu sukan koma yin rabin jirgi, wato a tsaga gangar jirgin gida biyu a tsaye, a manna ɓari guda a kan allo, a rataye a bango kamar hoto. Asalin wannan kayan aikin maƙeran jirage ne na dā, da shi suke fitar da fasalin jirgi kafin su sassaƙa babban. Wasu kuma su koma sa jirgi a cikin kwalba. Akan kwantar da sandunan, a zura jirgin ta bakin kwalbar, sannan a ja zare su miƙe tsaye. Wannan ya yi maganin wuri, ya kuma yi maganin ƙura.

In duk wannan ya ƙare, sai kwali da sito. Nan ne ɓarna take farawa. Zafin saman silin yana lanƙwasa roba, yana sakin gam. Danshin ɗakin ƙarƙashin ƙasa yana kawo fumfuna. Zare yana saki yana ɗaurewa gwargwadon sauyin yanayi, har ya karya sandar da yake riƙe da ita. Akwai ma wata cuta ta musamman. 'Yan ƙananan kayan jirgi da aka zuba da dalma, irin su igwa da ƙugiya, in aka rufe su a akwatin da iska ba ta shiga, tururin tsami da ke fita daga wasu irin katako da gam da fenti yakan cinye su, su koma farin gari. Mutum ya buɗe kwali bayan shekara goma ya tarar da abin takaici.

KASUWA BA TA SAN WAHALA BA

Sai mutum ya ce, to ai sai a sayar. Nan ne mai jirgi yake shan mamaki. A ce ya ci awa 2,000 a kan jirgi guda. Ko da ladan lebura aka yi masa lissafi, kuɗi ne mai kauri. Amma in ya kai kasuwa, ko ya sa a intanet, sau da yawa tayin da za a yi masa bai kai kuɗin katako da gilashin da ya saya ba.

Dalilan a fili suke. Wanda ya san darajar aikin, shi ma maginin jirgi ne, nasa yake so ya haɗa, kuma nasa ɗakin ma ya cika. Wanda yake neman na ado kawai don ofis ko otal, ga masu araha nan ana yi da yawa a masana'antun tsibirin Morishus da Biyetnam da Sin. Ga kuma wahalar aikawa. Jirgi mai filafilai ba ya son girgiza, in ba a ƙera masa akwatin katako na musamman ba, yakan isa hannun mai saye a kakkarye. Shi ya sa da yawa sukan ce sai dai mai saye ya zo da motarsa ya ɗauka.

Akwai dai jiragen kwaikwayo masu tsada a gidajen gwanjo na Landan, amma tsofaffi ne masu tarihi. Daga cikinsu akwai waɗanda aka yi wa hukumar sojan ruwan Ingila a ƙarni na 17 da na 18, da kuma waɗanda fursunonin yaƙi Faransawa suka yi a zamanin yaƙe-yaƙen Napoliyon. Su waɗannan fursunoni, a sansanoni irin su Norman Cross wanda aka buɗe a 1797, da ƙashin naman da ake ba su suke sassaƙa jirage, su sayar a kasuwar bakin kurkuku su sami na taba da na ƙarin abinci. Ba su taɓa kukan rashin wurin ajiya ba, domin tun kafin su fara sun san jirgin na wani ne. Haka masassaƙanmu na Cape Coast da Elmina masu yi wa baƙi 'yan kwale-kwalen masunta. Wanda ya yi don sayarwa, hannunsa a sake yake. Wanda ya yi don so, shi ne rabuwa take yi wa wuya.

GIDAN TARIHI MA YA CIKA

Burin kowane maginin jirgi shi ne wata rana aikinsa ya shiga gidan tarihi, jama'a su zo su gani. Amma ganin Dala ba shiga birni ba ne. Gidajen tarihi suna da sharuɗɗa. Suna son su san wa ya yi, yaushe, da wane zane, da wane irin kaya. Jirgin da aka haɗa daga kwalin kanti da wuya su karɓa, tun da akwai dubbai irinsa. Ofishin da ke kula da jiragen kwaikwayo na sojan ruwan Amurka ma ya gindaya ƙa'ida cewa sabon jirgi ya kamata ya iya shekara 100 kafin a ga alamar lalacewa a jikinsa, ya kuma hana amfani da dalma.

Abin da ya fi wannan, su ma gidajen tarihin ciwon nan ne yake damunsu. Gidan tarihin kimiyya na Landan yana da wani babban zaure na jiragen ruwa da aka buɗe a 1963, mai ɗauke da kaya fiye da 1,000. A 2012 aka rufe shi, aka kwashe kayan zuwa sito, domin a sami wurin sabon zauren fasahar sadarwa wanda aka buɗe a 2014. Kafin a kwashe, sai da aka bi zauren kaf aka ɗauki surarsa da na'urar haske aka adana a kwamfuta, don na baya su ga yadda yake. Haka nan dubban jiragen kwaikwayo na babban gidan tarihin teku da ke Greenwich, tun 2010 aka tanadar musu ma'ajiya a tsohuwar maƙerar jirage ta Chatham, inda kaɗan ne kawai suke a idon jama'a. To, in gidan da gwamnati ta gina ya rasa wuri, ina ga tsohon direba mai ciki da falo?

Waɗanda tarinsu ya tsira gaba ɗaya, galibi masu hannu da shuni ne. A Amurka, Kanar Henry Huddleston Rogers, ɗan wani hamshaƙin mai arzikin man fetur, ya bar wasiyyar jirage 108 ga makarantar sojan ruwa ta Annapolis a 1935, suna can har yanzu. A Jamus kuma akwai Peter Tamm, wanda mahaifiyarsa ta ba shi ɗan jirgi yana ɗan shekara 6, a 1934. Daga wannan guda ɗaya ya yi ta tarawa har suka kai dubun-dubata. Da yake ya shugabanci babban kamfanin jaridu na Axel Springer, yana da ƙarfi da faɗa a ji. Hukumar birnin Hamburg ta ba shi wani tsohon siton bakin ruwa mai benaye, aro na shekara 99, ta kuma ba da yuro miliyan 30 don gyara. Aka buɗe gidan tarihin a 2008, shi kuma ya rasu a 2016. Wannan shi ne a ce abin nema ya samu. Amma Tamm nawa ne a duniya?

Ko shahararren mai fasaha bai tsira daga wannan matsala ba. Yinka Shonibare, wanda aka haifa a Landan ya girma a Legas, ya yi kwaikwayon jirgin nan Victory a awon 1 bisa 30, ya sa shi a cikin wata ƙatuwar kwalba mai tsawon fiye da mita 4. Filafilan kuwa da yadi mai zanen atamfa ya yi su, irin wadda matanmu ke ɗaurawa. Aka kafa shi a dandalin Trafalgar a tsakiyar Landan a 2010. Amma gurbin na karɓa-karɓa ne, da wa'adinsa ya cika a 2012 dole ya sauka. Sai da aka yi gidauniya, aka tara fiye da fam 300,000, sannan aka saya wa gidan tarihin Greenwich shi. Can ma a waje aka girke shi, a bakin ƙofa.

KYAUTA ITA CE MAFITA

Bayan an zagaya an zagayo, hanyar da ta fi ɓullewa ga yawancinsu ita ce kyauta. Wannan ma ba sabon abu ba ne a Turai. A ƙasar Denmak akwai jiragen kwaikwayo fiye da 1,000 rataye a rufin coci-coci, waɗanda ma'aikatan jirgi da mutanen gari suka bayar, wasu don godiya da tsira daga haɗarin teku, wasu don tunawa da 'yan'uwa. A cocin Notre-Dame de la Garde da ke kan tudu a Marseille ta Faransa ma haka suke reto a sama. Jirgin ya bar gidan mai shi, amma duk gari yana ganinsa.

A yau masu wannan sha'awa sukan kai wa ɗakin karatu na unguwa, ko makaranta, ko gidan kula da tsofaffin sojoji, ko ɗakin jiran likita, ko gidan abincin da ke sayar da kifi. Wasu sukan bayar a yi gwanjonsa a tara wa masu aikin ceto a teku kuɗi. Wadda ta fi armashi a cikinsu ita ce a nemi mutumin da ya taɓa aiki a cikin ainihin jirgin, ko ɗansa, ko jikansa, a miƙa masa. A hannun irin wannan mutum, abin da kasuwa ta raina ya fi zinariya, don zai nuna wa 'ya'yansa tagar ɗakin da ubansu ya kwana shekara da shekaru. Shi ya sa waɗanda suka ga jiya suka ga yau a harkar sukan nemi mai karɓa tun kafin su yanka katako na farko.

Amma kyauta ma tana da ladabinta. Abin da ke cin wuri, in ba a tambayi mutum ba aka kai masa, kaya aka ɗora masa. Zai karɓa don kunya, bayan wata uku ya tura bayan ƙofa. Saboda haka akan tambaya tukuna, a ba da shi tare da akwatinsa, kuma in an bayar an bayar ke nan. Ba a dawowa bayan shekara a ce ina jirgina, me ya sa aka matsar da shi daga bakin taga.

Sauran da ba su sami mai so ba fa? Babban jirgi in ya tsufa akan kai shi Alang a Indiya, a yanyanka a sayar da ƙarfen. Ƙaramin ma kusan haka ne. Mai shi yakan ɗauki hotonsa ta kowane gefe, ya cire 'yan kayan da za su yi amfani a jirgi na gaba, ragowar ya zuba a shara. Wasu su miƙa wa yaran unguwa su yi wasa da shi har ya ƙare. Da yawa sun ce ayyukansu na farko, na lokacin koyo, ba su yi nadamar rabuwa da su ba, tun da abin da suka koya a jikinsu yana nan a hannu.

RANAR DA MAI SHI BA YA NAN

Duk wannan mai sauƙi ne muddin mai jirgi yana da rai. Masarawan dā sun yanke wa kansu wahala, da jiragen ake binne mutum. A 1920 aka tono kabarin wani babban bafade mai suna Meketre, wanda ya rayu shekara wajen 4,000 da suka wuce, aka sami 'yan jiragensa na katako da matuƙansu, aka raba su tsakanin Alƙahira da New York. A kabarin Fir'auna Tutankhamun, wanda aka gano a 1922, an sami 35. Mu kuwa mun san ba mai tafiya da komai sai likkafani.

Ƙungiyoyin masu haɗa jirage a Turai da Amurka sun saba da irin saƙon nan, inda matar mamaci ko ɗansa zai ce ga jirage maigida ya bari, gida za a sayar, a zo a taimaka. Magada ba su san wanne ne aikin shekara biyar ba, wanne ne na mako biyu. Ba su san sunan jirgi ba, balle wanda zai so shi. Ga lokaci ya ƙure, ga mai motar kwasar kaya yana jira. A nan ne aikin shekara arba'in yake ƙarewa a bola cikin yini guda. Laifin kuwa ba na magada ba ne. Wanda ya san darajar abin shi ne ya tafi bai ce komai ba.

Don haka masu hangen nesa a cikinsu suke yin abu uku. Na ɗaya, kowane jirgi a manna masa takarda a ƙarƙashi, mai ɗauke da sunan jirgin, da awonsa, da sunan wanda ya yi, da shekarar farawa da ta gamawa, da irin kayan da aka yi amfani da su. Na biyu, a zaɓi biyu ko uku mafiya kyau a bar wa iyali, a rubuta wa zai ɗauki wanne. Na uku, sauran a raba su da hannun kai tun ana da ƙarfi, a ga farin cikin mai karɓa da ido.

Jama'a, ko da yake haɗa jirage ba al'adarmu ba ce a zango, da wuya a sami gidan da babu wani abu da wani ya ɓata shekaru yana tarawa. Ga littattafan malam na rubutun hannu, ga allunan zayyana, ga hotunan kakanni, ga fayafayan garmaho da kaset-kaset, ga jeren Hajiya. Mun kuma san yadda ɗaki yake da wuya a Nima ko a zangon Kumasi. In tsoho ya rasu, kafin sadakar arba'in an sami mai bukatar ɗakin. Sai a tura adakarsa wani lungu, ruwa ya bi ta ƙasa, gara ta bi ta sama. In bayan shekaru wani jika mai ilimi ya zo tambaya, sai a ce ai da akwai. Takarda guda da alƙalami, da 'yar magana da iyali tun ana raye, sun isa su hana wannan asara. Ba a fafe gora ranar tafiya.

In kuwa akwai mai ɗan jirgi irin wannan a gida, ko tsohon ma'aikacin jirgi ne ya zo da shi daga tafiya, ko wani kamfani ne ya ba shi, ga 'yar shawara. Kada a aza shi inda rana ke bugunsa, ko a kan firji da talabijin. In hazon hunturu ya sauka, a kaɗe ƙurar da burushin fenti mai laushi, kada a kusance shi da jiƙaƙƙen tsumma. In za a ɗaga, a kama katakon da yake zaune a kai. A riƙa duba ƙarƙashinsa saboda gara. Sannan a rubuta labarinsa a manna, tun mai ba da labarin yana nan.

Nan za mu dasa aya. Mai ƙarin bayani ko tambaya ya rubuto ta hannun Edita, za mu amsa a wannan fili. A wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu leƙa masu kiwon tattabarun tsere. Allah ya sa mu dace, ya bar zumunci. Wassalam.